Halliru da Alƙalin Ɗakin Gilashi

Halliru Ningi mutum ne dogo mai ɗan rankwafawa, wanda in yana magana da kai sai ka ga kamar kunnensa ɗaya na sauraren wani abu a bayanka. A unguwar Longsight ta Manchester yake zaune, cikin layin gidajen jan bulo da suka manne da juna, shi da matarsa Kubura da 'ya'yansu biyu, Nuru da Ruƙayyatu. Kubura tana aiki a wani kantin magani a kan Stockport Road. Shi kuwa in aka tambaye shi sana'arsa a wajen suna ko walima, inda likitoci da injiniyoyi 'yan Arewa ke cika falo, sai ya ce yana kula da tsuntsaye. Wasu su ɗauka raha yake yi. Wani akanta ya laƙaba masa Sarkin Kaji, sunan ya bi shi, bai kuma taɓa nuna ya ji haushi ba.

Karatun ilmin dabbobi ne ya kawo shi Ingila. Ya gama digiri na biyu da niyyar wucewa gaba, tallafin bai zo ba, ga Kubura da ciki. A lokacin ne ya ji ana neman mai kula da wani tsohon ɗakin gilashi a wani lambun shaƙatawa a bayan garin Manchester. Ya ce zai yi shekara guda kafin ya samu abin da ya fi. Shekarar nan ta miƙe har 'ya'yansa suka shiga sakandare.

Ɗakin tun zamanin masu masaƙun auduga aka gina shi. A ciki akwai ayaba da gwanda, da kududdufin kifi, da ƙananan tsuntsaye masu yawo a sake. Ko ana zuba ƙanƙara a waje, in ka tura ƙofa sai ɗumi da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa su tare ka. Wani kwamitin 'yan sa kai ne ke riƙe da wurin, da tallafin da ƙaramar hukuma ke ba su duk shekara. Shugabar ma'aikata wata dattijuwa ce, Margaret, mai furfura da tarin da ba ya barinta.

A can ƙurya akwai babban keji, a cikinsa tsuntsu guda. Girmansa ya kai na talotalo, baƙi wuluk mai sheƙi, cikinsa fari, a kansa tukku mai murɗe-murɗe kamar gashin da alƙalan Turawa ke ɗorawa. Shi ya sa Halliru ya sa masa suna Alƙali. Kurasso ne, daga dazuzzukan Amurka ta Kudu, kuma masana sun sa shi a babban gida ɗaya da kaji da zabi. Wannan bai ba Halliru mamaki ba, domin in Alƙali na tonon ƙasa, sak zabin mahaifinsa yake tuna masa. Abin da ba wanda ya sani shi ne ko wane irin kurasso ne. Nau'o'insu da yawa, kuma sau da yawa da launin fatar gindin bakin namiji ake rarrabe su: wani rawaya, wani ja, wani shuɗi. Ta Alƙali ba ta tsaya ko'ina ba. Da safe ka ce shuɗiya ce, da rana ta yi kore-kore. Wani tsoho ne ya mutu ya bar shi, magada suka kawo shi a kwali, babu takarda ko ɗaya.

Kukansa ba ihu ba ne. Wani nishi ne mai kauri, ƙasa-ƙasa, wanda kafin kunnenka ya ji, ƙirjinka ya riga ya ji. Yaran makaranta da ake kawowa sukan yi tsit su riƙa waige-waige, ba su san daga ina yake fitowa ba. Halliru shi ke buɗe ɗakin kowace safiya, kuma wannan nishin ne ke fara gaishe shi.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka shigo. Aka rufe ƙaramin laburaren unguwar lambun, aka bi da wurin wasan matasa. Tallafin ɗakin gilashi aka zabge shi, shekara ta zagayo aka sake zabgewa. Mai gadin lambun ya tafi ba a maye gurbinsa ba. Kwamiti ya ce a rage sa'o'in da tukunyar ɗumama ɗakin ke ci. Ganyen ayaba ya fara baƙi daga gefe. Da sanyi ya kankama, Halliru ya fara tsintar ƙananan tsuntsaye a ƙasa da safe, ƙafafu a ƙanƙame. Yakan naɗe su a takarda ya kai ofis, Margaret ta dube su ta kau da kai.

Wata Litinin ta kira shi, ta rufe ƙofa.

"Da sanyin nan ya wuce za a rufe," in ji ta. "Kifi da ƙananan tsuntsaye na samo musu wuri. Babban naka ne matsala."

"Gidajen zu fa?"

"Na kira duk wanda na sani. Tambayarsu ɗaya, wane nau'i ne. In ba mu sani ba, ba su da wurin sa shi." Ta yi tari, ta goge baki. "Kwamiti ya yi magana da likitan dabbobi. Ya ce in aka yi masa allurar mutuwa ba zai ji zafi ba."

Da ya ba Kubura labari, ita ta tuna masa da Zinatu, 'yar Azare, garin su Kubura, wadda ke karatun digiri na uku a jami'ar da ke Edgbaston a Birmingham, a kan dangantakar tsuntsaye ta hanyar gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA. Halliru ya ciri gashi kaɗan daga ƙirjin Alƙali, tsuntsun ya sare shi a hannu har jini ya fito. Ranar hutunsa ya hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham.

Zinatu yarinya ce ƙarama mai tabarau, mai magana a hankali. Ta karɓi gashin da safar hannu.

"Kawu, gwajin kashi biyu ne," in ji ta. "Na farko yana da sauri, amma layin uwa kawai yake nunawa. Na biyu shi ke nuna uwa da uba, shi kuma sai na samu lokaci a ɗakin gwaji. Don Allah kada a ce komai sai an ga na biyun."

Bayan 'yan makonni ta kira shi yana cikin wanke kwanonin abinci. Uwar Alƙali, in ji ta, kurasso ce mai shuɗin baki, nau'in da ba a samu a daji sai a Kolombiya, wanda saran dazuzzuka da farauta suka kusa ƙarar da shi. Ta sake ja masa kunne. Shi kuwa farin ciki ya ɗauke shi, ya gaya wa Margaret, ita ta gaya wa kwamiti don a dakatar da maganar likita. A cikin kwamitin wani ya kira jaridar unguwa. Kafin mako ya fita, ga hoton Alƙali a shafin gaba, ana cewa an gano tsuntsun da ya kusa ɓacewa daga duniya a wurin da ake shirin rufewa. Wani gidan zu ya aiko cewa yana so.

A cikin masu zuwa kallo bayan haka ne Halliru ya lura da mutumin. Kakkaura ne, mai jar fuska da kot ɗin fata. Ba ya ɗaukar hoto, ba ya karanta allo. Yakan tsaya gaban kejin ya daɗe, sannan ya zagaya ta baya inda ƙofar ma'aikata take. Ya zo ranar Talata, ya dawo Alhamis. A zuwa na uku ya miƙa wa Halliru hannu ya ce sunansa Ogden, yana kiwon tsuntsaye a gonarsa.

"Kai ne Halliru," in ji shi. Ya faɗi sunan daidai, abin da Turawa ba safai suke yi ba. "Kai kaɗai ke buɗewa da safe, ko?"

Ogden ya yi murmushi, ya ƙwanƙwasa wayar kejin da yatsa. Alƙali ya ja da baya, tukkunsa ya miƙe.

Da gwaji na biyu ya fito, Zinatu ba ta faɗa a waya ba, ta ce ya zo. Ta zaunar da shi gaban kwamfuta, ta nuna masa zane mai rassa kamar bishiya, kowane reshe da nau'insa.

"Ga uwarsa nan," in ji ta. "Ga kuma ubansa, can a wani reshe. Mai rawayan baki ne. Wani ya haɗa su a keji ɗaya tun da daɗewa. Ruwa biyu ne, Kawu."

"To sai me? Ai rabinsa na masu shuɗin ne."

"Shi ne abin tsoron. Waɗanda suka rage a gidajen zu kaɗan ne, ana lallaɓa su don wata rana a mayar da 'ya'yansu daji. In aka haɗa shi da mace tsantsa, 'ya'yan sun gauraye, jikokin ma haka. Ba mai karɓarsa."

Haka kuwa aka yi. Gidan zu ya janye cikin ladabi. Jaridar ba ta buga gyara ba. Ranar da labarin ya isa kwamiti, da yamma Ogden ya kira su ya ce shi zai karɓi tsuntsun, ruwa biyu ko ruwa goma, kyauta, har da motar ɗauka. Kwamiti ya ji daɗi. Halliru ya roƙa a bar shi ya je ya ga wurin tukuna.

Gonar tana can kan tuddai, ƙarshen wata hanya mai laka. Dogayen rumfuna ne na kwano, an shafe tagoginsu da farin fenti. Karnuka biyu a ɗaure. Ogden ya nuna masa rumfa ɗaya kawai, mai tsabta, da dawisu da 'yan agwagi. Amma daga sauran rumfunan Halliru yana jin kukan da ya sani daga karatu, kukan aku manya da wasu tsuntsayen da bai kamata a ce suna kan tudun Ingila ba. A bakin wata ƙofa ya ga akwatunan katako masu ƙananan huji an jera. A bangon ofis kuwa, ga shafin jaridar nan an yanke an manna, hoton Alƙali da kanun labarin.

"Ka san ba gaskiya ba ne abin da aka rubuta nan," in ji Halliru.

"Ni ban rubuta ba," in ji Ogden. "Jarida ce ta rubuta."

A hanyar dawowa cikin bas ya gane sauran. Da wannan shafin, akwai wanda zai sayi Alƙali a matsayin tsantsar mai shuɗin baki.

Ya gaya wa Margaret abin da ya gani. Ta ce kwamiti ba zai saurara ba, sun gaji, so suke su miƙa mabuɗi su huta. Sannan ta ce har zuwa ranar rufewa ita ke da ikon sanya hannu a kan inda kowace dabba za ta je, kuma ba a ce ma'aikaci ba zai iya karɓa ba.

"Kana da wurin ajiye shi?"

Ba shi da shi. Bayan gidansa a Longsight ko shanya da ƙyar take shiga. Zinatu ce ta yi magana da baffanta, Alhaji Salihu, injiniyan da ya yi ritaya, wanda take zaune a gidansa a unguwar Balsall Heath ta Birmingham. Yana da gareji a bayan gida da ya daɗe ba mota a ciki.

"Kawo shi," in ji Alhaji Salihu a waya. "Ni da na yi kiwon tantabaru a Kaduna, kaza ɗaya ba za ta gagare ni ba."

Suka kai shi a motar kayan wani mahauci ɗan unguwa, an lulluɓe akwatin da bargo. Halliru ya kwana biyu yana gyaran garejin. Ya buɗe taga a rufi, ya kafa reshe, ya sa hita mai ɗumama ɗaki, ya zuba ɓawon itace a ƙasa. Alƙali ya yi kusan mako bai ci abin kirki ba. Ran da ya fara nishinsa, maƙwabciyar Alhaji ta zo ta tambaya ko wani inji ne ya lalace.

An rufe ɗakin gilashi, aka buga katako a ƙofofinsa. Halliru ya samu aikin jera kaya a wani babban sito, duk Asabar kuma ya hau jirgi da jakar inabi da gwanda. Ana nan sai wayarsa ta yi ƙara, lambar a ɓoye.

"An yi mini alkawari, an saɓa," in ji muryar Ogden, ba faɗa, ba ɗaga murya. "Ba komai. Ina dai fatan yana samun ɗumi. Sanyin Birmingham ma ba wasa ba ne."

Halliru bai gaya wa kowa a wurin aiki inda ya kai tsuntsun ba, ko Margaret garin kawai ta sani. Ya tsaya riƙe da wayar har aka kashe.

Bayan haka Kubura ta fara ganin wata farar motar kaya a layinsu. Takan tsaya daura da gidan, injin na aiki, ba mai fitowa. Wata rana 'yarsu Ruƙayyatu ta dawo daga makaranta ta ce wani mutum ya tambaye ta ko babanta na zuwa Birmingham wannan satin.

"Abban Nuru," in ji Kubura bayan yara sun hau sama, "tsuntsu ne fa. Ni 'ya'yana nake ji."

"Na sani."

"To ka san abin yi."

Ya kai rahoto wurin 'yan sanda, aka rubuta, aka ce in wani abu ya faru ya kira. Ya daina zuwa Asabar, ya koma zuwa ranar da ba a zata ba, yana sauka a wata tasha ya canza bas. Alhaji Salihu ya sa kwaɗo biyu a garejin. Motar ta daina zuwa. Watanni suka wuce lafiya, har Halliru ya fara jin kunyar tsoron da ya ji.

Ranar ƙaramar Salla, gidan Alhaji kaf suka tafi Idi. Da suka dawo, rana tsaka, kwaɗunan biyu na ƙasa an datse su. Ba a taɓa komai a cikin gida ba. A garejin an kashe hitar, an jingine ta a bango da kyau, babu Alƙali, sai 'yan baƙaƙen gasu a kan ɓawon itace. Wani yaro a layin ya ce ya ga masu gyaran famfo.

'Yan sanda sun je gonar kan tudu. Suka tarar da dawisu da agwagi, sauran rumfunan an share su fes. Ogden ya ba su shayi.

Halliru ya rame a wannan shekarar. Yakan farka da asuba ya zauna bakin gado bayan salla. A wajen taro in wani ya ce Sarkin Kaji, sai wani ya taɓa shi ya yi shiru. Kubura ta matsa masa ya ga likita, ya je, aka ba shi maganin barci, ya ajiye a durowa.

Sanyi ya sake zagayowa lokacin da Zinatu ta zo Manchester da kanta, ba ta ko yi waya ba. Ta gaisa da Kubura, ta ƙi zama cin abinci, ta ce tana son magana da Kawu. Masu gwajin irin waɗannan tsuntsaye ba su da yawa, in ji ta, kuma tun da ta wallafa aikinta ake aiko mata da samfur daga wurare. Makon jiya wani likitan dabbobi daga wata ƙasar Turai ya aiko da gashi a madadin wani mai kiwo da bai faɗi sunansa ba. Mai kiwon yana da mata biyu tsantsa masu shuɗin baki, an kawo masa namiji, yana son tabbaci kafin ya haɗa su.

"Gwajin layin uwa kawai suka nema. Wanda ya sayar musu ne ya ce shi ya isa." Ta cire tabarau ta riƙe. "Na yi duka biyun. Shi ne, Kawu. Alƙali ne."

Halliru ya dafa gwiwa. "Yana da rai ke nan."

"Gashin sabo ne."

Ya yi hamdala a hankali. Sannan ya dube ta, ya ga ba ta gama ba.

"In na ba su amsar abin da suka tambaya kawai, ban yi ƙarya ba," in ji ta. "Za su riƙe shi kamar ɗan sarki, ɗumi, abinci, komai. Amma za a haɗa shi da matan nan, 'ya'yan su bazu da sunan tsantsa. In kuma na faɗi duka, mutumin zai san an cuce shi. Ban san abin da zai yi da tsuntsun da ba shi da amfani a wurinsa ba."

"Hukuma fa?"

"Na sanar da shugabana, ya sanar da su. Sun ce za su rubuta wa ƙasar. Adireshin likita kawai muke da shi." Ta mayar da tabarau. "Na san abin da ya kamata in rubuta. Amma ban iya aikawa ba ka sani ba."

Kubura na tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. A sama yara na gardama da Turancinsu na Manchester a kan wanda zai riƙe rimot.

"Matan nan biyu," in ji Halliru, "suna da ƙuruciya?"

"Haka likitan ya ce."

"Rubuta musu duka. Ki ƙara da cewa akwai wanda zai karɓe shi in ba sa so. Ki sa sunana da lambata."

Ta aika washegari. Likitan ya amsa da godiya a layi ɗaya, bai ce komai a kan tayin ba. Zinatu ta sake rubutawa, ba amsa. Daga hukuma ma ba abin da ya biyo baya.

Da Zinatu ta gama karatu za ta koma gida, ta yi masa hanya ya samu aiki a sashen kula da dabbobin bincike a Birmingham, inda ake son mai haƙuri da hannu mai sanyi. Iyalin suka tashi daga Longsight suka kama haya a Balsall Heath, layi biyu daga gidan Alhaji Salihu. Aikin ya karɓe shi, jikinsa ya dawo. Yara suka yi ta ƙorafi, daga baya suka saba.

Lambar wayarsa ce kawai ya ƙi canzawa. Kamfani ya yi masa tayin sabon layi mai sauƙi, Kubura ta yi magana har ta gaji. Wayar takan yi ƙara wani lokaci, lambar a ɓoye ko ta wata ƙasa, ya bar abin da yake yi ya fita waje ya ɗauka. Yawanci masu talla ne. Sau ɗaya, wata ranar Laraba yana cikin cin abincin rana, aka kira aka yi shiru. Yana jin numfashin mutum, da haushin kare daga nesa. Ya yi sallama, ya faɗi sunansa, ya ce yana ji. Aka kashe.